Firij ɗina yana jan yara tun da damina ta kankama

Mai ƙanƙara, Dambatta:
Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa firij ɗina ba takalmi sai ya ji zirr har gwiwar hannu. Jiya ƙanwata ta saki robar zoɓo a ƙasa saboda haka. Mai gyara ya ce in shimfiɗa katako a gabansa kawai. Hankalina bai kwanta ba. Wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai walda, Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam, katakon nan rufe kura da fatar akuya ne. Kwance filoginka ka gani. Nawa ƙafa uku ne, amma babbar ta sama, mai ɗaukar atin, wato wayar da ke kai yoyon wuta cikin ƙasa, ba a sa mata waya ba, wanda ya yi wayarin ya ja biyu kawai. Sai da na kira wani ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, ya haɗa wayar atin da ita. Kuma ka san ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima, dole muka haƙa ramin a bayan makewayi inda ruwa ke malala, aka zuba gawayi da gishiri. Da rani nakan kwara masa bokiti guda. Gishirin dai yana cin ƙarfe, duk shekara sai na tono bakin mahaɗar na duba.

Uwargida, Kazaure:
Ɗana, kada ka yi wasa da shi. Mu ɓera ne ya ɓare waya a cikin silin, ta kwanta kan kwanon rufi, igiyar shanyarmu kuma ta ƙarfe ce, a jikin kwanon aka ɗaure ta. Amaryar gidan ta zo shanya jiƙaƙƙen zane, hannunta ya maƙale, ko ihu ta kasa. Allah ya sa ban kama ta ba. Taɓarya busasshiya na ɗauka na doke hannun, yaro ya ruga ya kashe wutar. Mun kai ta asibiti duk da ta ce ta warware. Yanzu igiyar roba muke amfani da ita.

Mai wayarin, Rano:
Sannu Hajiya, Allah ya tsare gaba. Mai ƙanƙara, atin kaɗai ba lallai ya yanke wuta ba. Ka sa bireka mai gane yoyon wuta, mai 30mA, wato mai yanke wuta ko da yoyon kaɗan ne, yana da maɓallin gwaji a jikinsa. Firij ɗin ma a duba shi, akwai inda wuta ke taɓa jikinsa. Wutarmu bolt 230 ce. Waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, soket mai kaurin 2.5 yake so. In za ka saya, kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyam ce aka shafa wa ja.

Mai ƙanƙara, Dambatta:
Na gode ƙwarai. Na kwance filogin yanzu, wallahi waya biyu ce kamar yadda na Ringim ya faɗa. Na zare firij ɗin, ƙanƙarar yau ta tafi. Malam na Rano, birekan nan a Sabon Gari zan nema in na shiga Kano?