Abin da aka ce game da sayen takalmin but na fata

Da hira ta zo kan takalmin but na fata, abin da kowa ya fara faɗa shi ne: kada ka yarda da lamba kawai. Lamba 43 ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wancan ba. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka riƙa sawa. A bar fili kamar faɗin babban yatsa a gaba. Fata tana buɗewa ta gefe, amma tsawo ba ya ƙaruwa, saboda haka in yatsu suna tokare gaba, ajiye shi.

Dunduniya aka fi ja-in-ja a kai. Wasu sun ce in tana ɗan ɗagawa to takalmin ya yi yawa. Waɗanda suka daɗe suna sawa suka ce a'a, ƙasan ne bai fara lanƙwasawa ba, zai zauna. Ni ma da su na yarda, muddin ɗagawar kaɗan ce.

A duba ɗinki. Wanda aka yi wa ɗinkin Goodyear, wato aka haɗa samansa da ƙasansa da ɗinki ta wani zirin fata a gefe, ana iya sauya masa ƙasa in ya cinye. Na gam kuwa da wuya.

Satin farko, awa ɗaya ko biyu a cikin gida ta isa. Inda ya fara cin ƙafa, manna filasta kafin bororo ya fito. In ya jiƙe, a cusa masa takarda ya bushe a inuwa, don zafin wuta yana tsattsage fata.