Shin kotu za ta karɓi saƙon WhatsApp da muryar waya a matsayin hujjar bashi?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga malamai da lauyoyin da ke wannan zaure a kan wata matsala da ta hana ni sukuni. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma akwai wani abokin ciniki da muka shekara shida muna hulɗa, yana ɗaukar atamfa da shadda ya kai garinsu, idan ya sayar ya turo kuɗi. Kafin ƙaramar sallar bara ya ɗauki kaya na naira miliyan 3 da dubu 200, ya turo dubu 700 ta banki, daga nan ya ɗauke ƙafa. Da na tura masa dattawa sai ya ce musu ko sisi ba na bin sa.

Ba mu yi rubutacciyar yarjejeniya ba, domin da amana muka saba. Abin da ke hannuna shi ne littafin bashi na shago, da saƙonninmu na WhatsApp, da wata murya da ya turo yana ba ni haƙuri yana cewa sauran miliyan biyu da rabin zai cika bayan sallah, da alat na banki. Babban ɗana ne ya ɗaure masa kayan, kuma wani maƙwabcin shagona ya ce direban da ya ɗauki kayan ya gaya masa cewa mutumin ya amsa bashin a gabansa. Shin kotu za ta karɓi waɗannan, ko kuwa in haƙura in bar wa Allah?

Barista daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kada ka yi saurin haƙura, domin hannunka ba wofi yake ba, amma amsar ta rataya ne a kan kotun da za ka nufa. Zan yi bayani a kan kotun majistare da Babbar Kotu, inda ake aiki da Dokar Shaida ta 2011.

Tsohuwar dokar, wadda ta fara aiki tun 1945, ba ta san kwamfuta ba, shi ya sa lauyoyi suka daɗe suna jayayya a kan takardun da na'ura ta fitar. Sashe na 84 na dokar 2011 ya raba wannan gardamar, kuma sashe na 258 ya fassara kwamfuta da duk na'urar da ke ajiye bayanai tana sarrafa su, don haka wayarka tana ciki, murya da hoto ma suna cikin abin da doka ke kira takarda. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara buɗe ƙofa ga bayanan da ake ajiyewa a na'ura da sa hannu ta na'ura.

Sai dai karɓar tana da sharuɗɗa huɗu. Dole a nuna wa kotu cewa na'urar ana amfani da ita a kai a kai wajen irin wannan harka a lokacin da saƙon ya fito, cewa irin waɗannan bayanai ne aka saba shigar mata, cewa tana aiki daidai a lokacin, ko kuma idan ta sami tangarɗa tangarɗar ba ta taɓa sahihancin saƙon ba, sannan abin da aka bugo daga abin da aka shigar ya fito. Ana tabbatar da haka da bakin mai shaida, ko da takardar tabbatarwa da ƙaramin sashe na 4 ya tanada, wadda mai kula da na'urar zai sa wa hannu ya bayyana wace irin waya ce da yadda aka fitar da saƙon. Tun da wayarka ce, kai ne za ka sa hannu, kuma ni shawarata a haɗa biyun. Kada ka raina wannan mataki. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta tabbatar da watsi da takardun da aka bugo daga intanet saboda an miƙa su ba tare da cika sharuɗɗan sashe na 84 ba.

Littafinka na bashi karɓaɓɓe ne a ƙarƙashin sashe na 51 muddin an saba rubuta shi yau da gobe a harkar shago, amma sashen da kansa ya ce shi kaɗai ba ya isa a ɗora wa mutum bashi, sai an dafa masa da wata hujja. Ina roƙonka kada ka taɓa shi da biro yanzu, ko da gyaran kuskure ne, domin sashe na 83 ya hana karɓar rubutun da mai ruwa da tsaki ya yi bayan an shiga shari'a ko ana tsammanin shiga. Alat kuma ka bar shi a waya, ka je banki su ba ka cikakkiyar takardar bayanan asusunka da tabbatarwarsu.

Maganar maƙwabcinka ji-ta-ji-ta ce, sashe na 38 ya rufe mata ƙofa, domin shi bai ji da kunnensa ba. Direban shi ne shaidarka, tun da a gabansa aka amsa bashin. Ka neme shi tun kafin ya ɓace maka. Ɗanka kuma dokar ba ta hana shi tsayawa ba, sai dai lauyan ɗaya ɓangaren zai titsiye shi da tambayoyi don ya nuna son kai.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa: karɓar hujja daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban. Alat ɗin zai shiga, amma bai ce komai ba face an turo dubu 700, kuma mutumin yana iya cewa kuɗin kayan ke nan gaba ɗaya. Muryar ce ta ambaci adadi, don haka ita ce ƙashin bayan ƙararka.

Tsohon Rajistaran Kotu ya amsa:

Barista ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka masa da alheri. Ni kuma zan tsaya a ɓangaren da na yi wa hidima, wato kotun shari'ar Musulunci, wadda ina kyautata zaton ita ce mafi kusa da Alhaji. Sashe na 256 na waccan doka ya fitar da shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan yanki da na gargajiya daga ƙarƙashinta, kuma kotunan shari'a na Kano, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a shekarar 2000, fiƙihun Malikiyya suke bi.

Tushen lamarin shi ne kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya ana neman adilai biyu maza, ko namiji ɗaya da mata biyu kamar yadda ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ko kuma, a mazhabarmu, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. To, a nan akwai bambanci babba da abin da Barista ya faɗa, domin ɗanka ba zai yi maka shaida ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ba a karɓar shaidar ɗa ga iyayensa, ko tasu gare shi, ko ta miji ga matarsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani, ko ta abokin husuma. Na sha ganin mutum ya shigo da ɗansa yana ganin ya gama, alƙali ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da suka, ya ce ɗansa ne, shi ke nan a ce yaron ya koma ya zauna. Saboda haka direban nan ya fi maka daraja a wurinmu, domin idan ya tsaya kuma ba a soke shi ba, sai ka cike da rantsuwa.

Saƙonnin da alat ɗin ma suna da aiki ko da babu direban. Malikiyya ba ta ɗora wa mutum rantsuwa haka kawai sai an tabbatar akwai mu'amala tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara, don kada kowa ya riƙa jan mutanen kirki zuwa gaban Alƙur'ani. Hulɗar shekara shida da kuɗin da ya turo sun isa nuna mu'amala. Idan ya ƙi rantsuwa, sai a juyo da ita kanka, ka rantse a ba ka haƙƙinka. Idan kuma aka kunna muryar ya yarda tasa ce, to iƙirari ya samu, kuma babu hujjar da ta fi iƙirari ƙarfi. In ya ce ya riga ya biya, ya koma mai da'awa, shi ne zai kawo shaidar biya. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowannenku ko yana da sauran magana, kada ka ce babu alhali kana da ita.

Hajiya Mai Lesuka ta amsa:

Alhaji, ni ba lauya ba ce, amma na ɗanɗani irin wannan, kuma kuskurena nake so ka kauce masa. Wata da na ba kaya ta turo min murya tana amsa bashi, sai na tura wa ƙanwata don ajiya, daga baya na sauya waya na bayar da tsohuwar ba tare da na kwashe hirar ba. Ranar da muka je kotu abin da ke hannuna murya ce mai alamar turawa a kanta, daga lambar ƙanwata, babu lambar mai bashin, babu ranar da ta turo. Matar ta ce ba muryarta ba ce, lauyanta ya yi ta jayayya, a ƙarshe sulhu aka yi na karɓi rabi. Don Allah ka adana ainihin wayar, kada ka sayar, kada ka kai ta gyara a goge, kuma ka duba ko ba a kunna tsarin nan da ke sa saƙo ya ɓace da kansa ba.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sa wayar a durowa na kulle, kuma na sami lambar direban. Barista, saura abu ɗaya. Na taɓa naɗar wata hira da muka yi ta kira ba tare da saninsa ba, a ciki ya sake amsa bashin. Ita ma za ta shiga? Kuma duk maganganun da Hausa aka yi su.

Barista daga Kaduna ya sake amsawa:

Tana iya shiga, Alhaji, amma da sauran magana. Sashe na 14 ya ce hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba karɓaɓɓiya ce, sai idan kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, kuma sashe na 15 ya jero abin da alƙali zai auna, kamar ƙarfin hujjar, da muhimmancinta ga shari'ar, da girman saɓawar da aka yi. Lauyansa zai kafa hujja da sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kare sirrin hirar waya. Don haka ka sa muryar da ya turo da hannunsa a gaba, naɗaɗɗiyar ta biyo baya a matsayin ƙari.

Batun harshe kuma, Babbar Kotu da Turanci take rubuta shari'a, saboda haka za a rubuta abin da ke cikin muryar a fassara, mai fassarar ya zo ya rantse a kan aikinsa. Ka kuma jaddada wa lauyanka ya shirya takardar tabbatarwa kafin ranar zama, domin hujjar da aka miƙa alƙali ya rubuta mata "an ƙi karɓa" ba a sake miƙa ta a wannan shari'ar, sai dai a kai kukan kotun ɗaukaka ƙara. Idan ya ga an yi suka mai ƙarfi a kan wani sharaɗi da bai cika ba, ya nemi izinin janye ta kafin alƙali ya yanke, ya gyara, sannan ya dawo da ita a zama na gaba.