Na ci boga mai tsada a Landan, tsakiyar naman ja: haka ake yi ko ba ta gasu ba ne?

Baƙon Landan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu zama Ingila ko waɗanda suka saba zuwa ku taimaka min. Na zo kwas na sati uku, jiya wani abokin karatunmu ɗan Pakistan ya ce sai ya kai ni na ci boga ta gaske, ba irin wadda ake saya a tsaye a wuce ba, muka hau jirgin ƙasa har Whitechapel, can kusa da babban masallacin gabashin Landan. Shagon ƙarami ne, teburansa ba su fi takwas ba amma cike yake da mutane. Boga ɗaya fam 14, dankali kuɗinsa daban lemo daban. Gaskiya ƙamshin kaɗai ya isa, burodin laushi da ɗan zaƙi yana sheƙi, albasar an soya ta a hankali har ta koma ruwan ƙasa, cuku ya narke yana gangarowa ta gefe. To ina raba ta biyu sai na ga tsakiyar naman ja, ruwa na fita. Na ci gefe gefen na bar tsakiyar, abokina ya ce ai nan ne daɗin. Tambayata, haka suke yi da gangan? Kuma rubutun halal da na gani a ƙofa ya wadatar?

Ɗan Bradford:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa. Da gangan ne mana. Irin waɗannan shagunan takamarsu ita ce naman, su zaɓi wajen da ke da kitse su niƙa da kansu, to suna ganin in an gasa shi sosai ruwan ya ƙone kuɗinka ya tafi a banza. Wasu za su tambaye ka yadda kake so wasu kuma ba sa tambaya. Kai dai tun wajen oda ka ce musu "well done", wato a gasa har ciki, ba wanda zai kalle ka. Kuma jan ruwan nan ba jini ba ne, jinin ya fita tun wajen yanka, ruwan tsoka ne kawai mai launi. In kuma kana son ka huta da wannan maganar gaba ɗaya ka nemi wadda suke ce wa smash, ana danne naman ne a kan ƙarfe mai zafi ya yi fele-fele, bakinsa ya soyu ƙaras-ƙaras kamar gefen balangun da ya sha wuta. Ni ita nake ci.

Maman yara:
Ƙanina ka yi daidai da ka bar tsakiyar nan, ni girki sana'ata ce shi ya sa zan yi magana. Tsoka guda da niƙaƙƙen nama ba ɗaya ba ne fa. In tsoka ce ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta na taɓa su sun mutu ko da ciki bai gasu ba, amma da zarar an niƙa to an cakuɗa na waje da na ciki, abin da ke baya ya shige tsakiya. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ma shawararta a gasa boga har ciki, zafin tsakiyar ya kai digiri 70 na minti 2, kuma ta fi jan kunnen yara, tsofaffi da masu ciki. Akwai shagunan da suke da tsari na musamman kan inda suke sayo naman shi ya sa ake barinsu su kawo shi haka, amma kai baƙo ne, kana tsakiyar kwas, ciwon ciki a ƙasar mutane ba daɗi wallahi.

Malam na Lesta:
Maganar halal ɗin nake so in taɓa don ita ta fi damuna. Rubutu a ƙofa kowa na iya mannawa. Ka duba ko akwai takardar HMC ko HFA a jikin gilashi ko bango, su ne ƙungiyoyin sa ido kan naman halal da aka fi sani a nan, kuma HMC sun fi tsanani don ba sa karɓar dabbar da aka sumar kafin yanka. Bayan nama kuma akwai abubuwan da mutane ke mantawa: in ka ga bekon, wato yankakken nama siri-siri mai gishiri, a takardar abinci ka tambaya na sa ne ko na talotalo, in na alade ne to wataƙila a kan ƙarfe ɗaya ake gasa komai, ni tashi nake yi. Sannan wasu miyoyin da ake zubawa a kai ana sa musu giya, haka ƙullun da ake tsoma albasa a soya. A Whitechapel da wuya ka haɗu da wannan don yawancin masu shagunan musulmi ne, amma in ka shiga tsakiyar gari irin su Soho sai ka buɗe baki ka yi tambaya, sun saba, ba sa jin haushi.

Baƙon Landan:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Malam na tambayi abokin nawa ya ce takardar HMC tana nan a gefen teburin biyan kuɗi, ni ne ban lura ba. Hajiya na gode, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan koma in sha Allah in ce a gasa min ita har ciki, don albasar nan da burodin sun tsaya min a rai. Wai ya ake soya albasar ta yi zaƙi haka, sukari ake sa mata?

Maman yara:
Ba sai da sukari ba. Ka yanka ta siri-siri, man shanu kaɗan da ɗan gishiri, wuta can ƙasa, kana juyawa kamar minti 40. Zaƙin nata ne yake fitowa.