Bugun saba ko bugun tebur: abin da kowannenmu ya gani wajen gwada shafin intanet

Mai tambaya, daga karkarar Ringim

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu ta ɗora mini aikin gina shafin da za a riƙa rubuta sunayen mambobi da buhunan takin da kowa ya karɓa, kuma da PHP, harshen rubuta shirin shafi, da MySQL, manhajar adana bayanai, nake aikin. Kwamfuta ɗaya gare ni, ta hannu ce, RAM ɗinta gigabait 4, tana ɗauke da Windows 10 wadda aka daina tallafa wa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Na ƙudurta komawa Ubuntu, wani nau'in Linux mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, sai na tarar bugu biyu ne, Ubuntu Server (bugun saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka) da Ubuntu Desktop (bugun tebur, na aikin yau da kullum). Ina roƙon duk wanda ya taɓa gwada shafi a kan ɗayansu ya gaya mini abin da ya same shi da kansa.

Malamin kwamfuta a sakandare, yankin Birnin Kudu

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ni ta hanya mai zafi na koyi wannan darasi. Na taɓa gina shafin duba sakamakon jarrabawa a kan Windows da XAMPP, kunshin manhajojin gwada shafi a kwamfutar mutum, na shafe wata guda ina gwadawa ban ga matsala ko ɗaya ba, amma ranar da na ɗora shi a kan sabar da muka yi haya, wadda Linux ce ke tafiyar da ita, sai hotunan ɗalibai suka ƙi fitowa, shafin shiga kuma ya ce bai san teburin bayanan ba, wato jadawalin da ke cikin MySQL. Laifina ne. Na sanya wa fayil suna Hoto.JPG, a cikin rubutun shirin kuma na kira shi hoto.jpg, Windows ba ta damu da babban harafi da ƙarami ba, ita kuwa Linux tana ɗaukar su sunaye biyu mabambanta, haka kuma MySQL ke yi da sunayen tebura idan a kan Linux take. Da na gyara wannan, sai ɗora sababbin hotuna ya gagara, domin Apache, manhajar da ke miƙa shafi ga masu buɗe shi, a kan Ubuntu da sunan www-data yake aiki, ni kuwa ban ba shi izinin rubutu a foldar ba. Iyaye na jira, shugaban makaranta na kirana, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Bayan haka ne na gane cewa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: shin wurin gwajina ya yi kama da wurin da shafin zai zauna? Tsakanin bugun Ubuntu biyu babu wani babban rami. Tun fitowar 12.04 a 2012 ƙwayar manhajarsu ɗaya ce, rumbun da suke ɗauko manhajoji ma ɗaya ne. Na tebur yana zuwa da tagogi da burauza da linzami, na saba kuwa baƙin allo ne da rubutun umarni kawai. Abin da zai cije ka shi ne lambar bugu, domin 22.04 da PHP 8.1 take zuwa, 24.04 kuma da 8.3. Ka fara tambayar masu ba ka hayar saba wace PHP suke da ita kafin ka sauke komai.

Mai shagon caji da buga takardu, kusa da Maigatari

Malam ya yi gaskiya, amma bari in ƙara abin da mu na ƙauye muke fara lissafawa, wato data da wuta. Fayil ɗin girka Ubuntu Desktop 24.04 ya kusa gigabait 6, na saba kuwa kusan rabin haka ne, kuma a wurinmu da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan bambanci kuɗi ne da kwana guda na jira.

Ina da tsohuwar laftof da allonta ya tsage, ita na girka wa bugun saba don gwada shafina, na ajiye ta ƙarƙashin kanta. Batirinta na riƙe ta idan sola ta yi sanyi da yamma, kuma tun da ba ta zana tagogi, ba ta cin RAM sosai. Daga ɗaya kwamfutar nake shiga cikinta ta SSH, hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa. Abu biyu ne suka wahalar da ni. Na farko, haɗa ta da wayafai: babu alamar da za ka latsa, sai ka rubuta sunan layin da kalmar sirri a fayil ɗin Netplan, mai saita haɗin intanet, wanda gurbi ɗaya tsakanin rubutu idan ya karkace ba zai karɓa ba, har sai da na jona wayata da kebul na samu intanet tukuna na gyara. Na biyu, duk lokacin da na rufe murfinta sai ta yi barci, shafin ya ɓace, sai da na canza layin HandleLidSwitch a fayil ɗin logind.conf. Amfanin da ban zata ba shi ne, ranar Alhamis da kasuwa ke ci, ina roƙon masu kawo caji su buɗe shafin a wayoyinsu, a nan nake ganin yadda yake fita a ƙananan wayoyin da mutanenmu suke riƙewa da gaske.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Kazaure, 'yar yankin Roni

Yayana mai shago, kwamfuta biyu gare ka, shi kuwa mai tambaya ɗaya ce da shi, kuma a nan maganar ta sha bamban. Idan ya girka bugun saba a kanta, da me zai rubuta shirin cikin sauƙi, da wace burauza zai duba shi? Ni na gwada hanyar tsakiya a kan RAM gigabait 4, na bar Windows na sa Ubuntu Server a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, na ba ta gigabait 1. Ta yi aiki, sai dai da zarar na buɗe burauza da manhajar rubutu tare, komai sai ya koma tafiyar hawainiya, fanka na kuka, batir na zuba. Daga baya na share komai na girka Xubuntu, wadda Ubuntu ce da tagogi marasa nauyi, na sa Apache da PHP da MySQL da umarnin apt, irin yadda ake sa su a saba. Matsalar haruffa da ta izinin folda da Malam ya ambata duk a nan na gamu da su, a ɗakina, kafin kowa ya gani.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma, yankin Karaye

Nawa aikin da ASP.NET ne, tsarin Microsoft na gina shafi, don haka Windows Server na gwada. Bugun gwajinta kyauta ne na kwana 180, ni ne na manta da lissafin kwanakin, da wa'adin ya cika ta riƙa kashe kanta bayan kowace awa. IIS, takwaran Apache na Microsoft, yana nan a Windows ta tebur ma, iyakarsa buƙatu 10 a lokaci guda a bugun Pro, wanda ya ishi mai gwaji shi kaɗai. Mai PHP ba ya buƙatar ko ɗaya cikinsu.

Mai tambaya

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tambayi masu hayar sabar kamar yadda Malam ya ce, sun tabbatar mini PHP 8.3 suke da ita, saboda haka na bi shawarar ƙanwata na girka Xubuntu 24.04 daga filashin da wani abokina ya sauke mini a Dutse. Daren jiya na kwafe shafin a kanta, nan take fayiloli uku suka ƙi buɗewa saboda babban harafi, na gyara su. Sakataren ƙungiyarmu yana da tsohuwar kwamfuta da ba ya amfani da ita, ya ce in zo in ɗauka bayan sallar Juma'a. Yayana na Maigatari, idan na girka mata bugun saba zan dawo gare ka kan maganar Netplan.