Tsohon injin Hilux ko sabo, wanne zai jure yashi da gazuwal ɗinmu?

Mai Ayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema ga waɗanda sunka riƙa motocin nan da hannunsu. Na saida tsohuwar Hilux ɗina mai injin 5L bayan shekara 11, yanzu mota biyu ke gabana duka Hilux, Vigo 2012 mai 2KD ana ce min miliyon 9 da rabi, da Revo 2018 mai 2GD miliyon 16. Aikina ɗauko ayya da wake daga ƙauyukan wajen Agye da Gazawa zuwa Maraɗi, hanya yashi ce kuma sau da yawa cikin ƙauye nike shan mai. Abu biyu nike son sani, shan mai da kaya bisa, da kuma wanne zai jure gazuwal na ƙauye. Mai Revon ya ban zuwa Juma'a.

Ɗan Tibiri:
Wa alaikumus salam. Alhaji cika kuɗi ka sayi Land Cruiser 79 mai 1HZ ka huta, shida ne silinda, ba ya sanin yashi.

Mai Ayya:
Da ina da kuɗin 79 ai da ban tambaya ba ɗan uwa.

Baban Nana:
Ni mai esansi gare ni, 2.7, shekara 6 ban taɓa buɗe inji ba. Tana sha kam amma hankalina kwance.

Injiniya Ƙarami:
Alhaji bari in amsa abin da ka tambaya. 2GD ya fito da Revo a 2015, lita 2.4 ne amma ƙarfin doki wajen 150 gare shi, 2KD na asali lita 2.5 doki 102, shi kuwa 5L ɗinka da ba turbo bai kai 100 ba duk da lita 3 ne. Ƙarami ya fi babba ja, kuma tun inji na ƙasa-ƙasa ƙarfin ke zuwa, abin da kake so cikin yashi ke nan. Sannan sarƙa gare shi ciki, ba bel ba irin na 2KD da sai ka canza in ya kai kilomita 150,000. Amma ka sani shi ma 2KD ɗin kwamfuta ke ba shi mai, mutane na ce mishi tsoho kamar 5L ne, ba haka ba ne. Bambancin sabon shi ne matsin mai ya haura bar 2000 a ma'aunin matsi, ramin enjekta mai fesa mai cikin inji ya ƙara ƙanƙanta, ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ya ishe shi.

Alhajin Dakoro:
Yaro ka faɗi doki ka faɗi sarƙa, bari ni in faɗi abin da ya same ni. Na sayi Revo sabuwa fil kusan, ina kai kaya Barmo da rugagen can. Wata rana mai ya ƙare ma direbana bayan Dakoro, ya tsaya wurin masu ruwa-ruwa ya zuba jarka 2. Ba a yi kilomita 30 ba wutar gargaɗi ta kunnu a tablo, yaron bai san ta ruwa cikin mai ce ba ya ci gaba da tafiya, mota ta fara shaƙewa, ƙarfi ya tafi, ta mutu tsakiyar daji da buhu 18 bisa. Kwana 2 sunka yi can kafin in samu wadda ta jawo su. Makanikin farko ya ce turbo ne, anka canza, ba ta tashi ba. Na biyu ya ce kwamfutar ce ta ƙone, na aika Kano anka kawo, shiru. Na uku ne ya buɗe famfo ya nuna min garin ƙarfe kamar an niƙa allura, ya bi layi ya shiga enjekta duka 4, har tanki sai da anka sauke anka wanke. Wata 3 mota na garaji ƙarƙashin bedi awaki na kwana ƙasanta, aikin da nike yi ma wata ƙungiya anka ba wani, na saida shanu 4 da nike kiwo don auren ɗiyata. Wallahi ranar da na kai su kasuwa ban iya cin tuwo ba. Tsohuwar 5L da na baro, irin wanga man ta sha shekaru, in ta yi tari ka kwance filta ka zubda ruwan ka buga famfon hannu ka wuce.

Mai Ayya:
Subhanallahi. Allah ya maida alheri Alhaji. Nawa gyaran ya ci duka?

Alhajin Dakoro:
Amin. Enjekta kaɗai jika 350 kowace, ban son in tara sauran.

Ɗan Kasuwa:
Kai Alhaji an cuce ka, jika 180 nike saida ta cikin kwalinta.

Baban Nana:
Maƙwabcina ya sawo Kano kwatankwacin jika 90.

Ɗan Kasuwa:
Ta jika 90 wankakkiya ce, an ciro ta jikin wata mota an goge. Je ka tambaye shi bayan wata 4.

Alhajin Dakoro:
To taka ta 180 ɗin wa ya shaida ta gaske ce? Kwali ai kowa na bugawa.

Tsohon Direba:
Shekara 34 ina bisa hanya, tun kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram ba haka take ba. Mai Ayya ka koma ma 5L, har yanzu ana kawo sabbin Hilux da shi don ƙasashenmu, su da sunka ƙera sun san abin da ya sa. Duk garin da ka lalace, Mayahi ko Tasawa ko Kornaka, akwai yaron da zai tada ma ita da sifana 12 da 14. Waɗannan yaran na takarda ba su taɓa kwana daji da mota ba.

Injiniya Ƙarami:
Baba da girmanka, na kwana. Kuma wanda ake sa ma sabbin 5L-E ne, shi ma famfonshi da wayar lantarki. Ni ban ce tsoho bai da juriya ba, amma Baba ka faɗi gaskiya, da buhu 15 da kilim kunne in kun zo tudun yashi ba sauke kaya kuke ba? Abin da ya samu Alhaji mai ne ya jawo da direban da ba a koya ma wutar tablo ba, da ya tsaya ya zubda ruwan filta da wataƙila ba a kai nan ba.

Alhajin Dakoro:
Wato laifina ne ke nan.

Injiniya Ƙarami:
A'a Alhaji ka yi haƙuri, ba nufina ba ke nan.

Tsohon Direba:
Motar da sai an yi ma direba lakkwal kafin ya shiga, ta birni ce.

Na Gidan Runji:
Ku duka ku zo in saida muku amalanke da jaki biyu, ba enjekta ba kwamfuta, bidanji ɗinshi dussa da ruwa 😂

Ɗan Tibiri:
Shi ma in ya ga dama yana yin pan tsakiyar hanya, kuma ba makanikin da ke tada shi sai sanda 😂

Hajiya Mai Taki:
Ku bar wasa bawan Allah na da Juma'a gabanshi. Ni motoci 2 gare ni suna kai taki, Vigo 2KD da Revo 2.4, hanya guda direbobi na canzawa. Abin da na gani a littafina Revon ta fi sauƙin sha, zuwa Damagaram da dawowa da kaya tana rage min kamar lita 8 zuwa 10 kan Vigon, a 618 lita ka lissafa da kanka a wata. Shekara 4 enjekta ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma na sa mata filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta asali, kuma na hana shan mai ko'ina sai gidan mai, suna tafiya da jarka 2 cike daga Maraɗi. Wanda ya zuba na bakin hanya ya aje min makulli. Abu guda ka duba Alhaji, in Revon daga Turai ta fito tana iya zuwa da matatar hayaƙi a salansa, ita ce ke toshewa da manmu, ka sa a leƙa ƙasanta. Kuma 16 ya yi yawa, tawa 13 na saye.

Ɗan Kasuwa:
Hajiya yaushe? Wancan kafin a rufe iyakar Benin ne a 2023, lokacin mota na fitowa Kwatano kai tsaye ta Gaya. Yau 16 ma arha ce, na ga wadda anka ce 19.

Mai Ayya:
Na gode Hajiya. Filta ta biyun ina ake samu kuma nawa?

Hajiya Mai Taki:
Nan ne matsalar. Ta farko da na saya cikin gari jabu ce, da yarona ya yanka ta takardar ciki kamar ta littafin 'yan makaranta.

Baban Nana:
Wannan ita ce babbar cutar, ba inji ba. Na sayi man inji galan da hatiminshi, kilomita 1,500 ya koma baƙi kamar na suyar ƙosai. Mai shagon ya rantse min shi ma haka anka kawo mishi.

Alhajin Dakoro:
Filtar da ke cikin tawa ranar nan ma sati 2 da sa ta, jika 4 na saye ana ce min ta asali ce.

Ɗan Kasuwa:
Ta asali a jika 4? Ku ne ba ku son biya Alhaji, in na ce 15 sai ku tafi shagon gaba, to me zan aje a kanta?

Tsohon Direba:
To ku riƙa gaya muna gaskiya mana, ga ta 4 ga ta 15, kowa ya zaɓa. Ku kuma duka kwali guda kuke sa su.

Mai Ayya:
Jama'a Vigon fa? Ba wanda ya ce min komai kan shan manta cikin yashi.

Na Gidan Runji:
Ɗan Kasuwa tsaya, batir ɗin da ka saida ma ƙanena watan jiya na wane kwali ne?