Agogo mai saita kansa ya tsaya a sha biyu: wa ya taɓa fama da irinsa?

Maman Biyu, Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ne ya aiko mini da agogon bango daga Jamus, ya ce mai saita kansa ne. Ina sa batir sai hannayensa suka yi ta zagaye da gudu, suka je kan sha biyu suka tsaya cak. A bayansa an rubuta DCF77. Don Allah wanda ya taɓa riƙe irinsa ya faɗa mini abin da ya gani, kafin in kai shi a farke a banza.

Mai Gyaran Agogo, Kasuwar Wuse:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki bari kowa ya buɗe shi, lafiyarsa ƙalau. Ana yawan kawo mini irinsa, galibi daga kayan gwanjo, kowa da cewa ya lalace. Tsayuwar nan jira ce, yana sauraron saƙon rediyo daga ƙasar da aka ƙera shi dominta, saƙon kuwa ba ya isowa nan. Ki duba bayansa, akwai ɗan maɓalli da aka rubuta SET ko M.SET. Ki danne shi ki riƙe, hannayen za su fara gudu, in sun kai daidai lokaci ki saki. Daga nan zai yi ta tafiya kamar kowane agogon batir. Sai dai ki sa masa batir mai kyau, irin wanda aka rubuta Alkaline a jikinsa. Na sha ganin masu arhan nan sun gaji a tsakiyar zagaye, hannu ya maƙale a kan bakwai yana rawa.

Injiniya, Gwarinpa:
Gaskiyar Baba ce. Ni na yi taurin kai a kan nawa, don aikina ne, na so in ga ko zai kama. DCF77 sunan tasha ce a Mainflingen, kusa da Frankfurt, tana watsa lokaci a kan kilohaz 77.5. Kowace daƙiƙa tana aiko ɗigo guda na bayani, sai minti ya cika agogo ya haɗa awa, minti da kwanan wata. In ɗigo ɗaya ya ɓace, sai ya sake jiran wani mintin. An ƙiyasta tana kaiwa kusan kilomita 2,000, mu kuwa daga Abuja zuwa can ya haura kilomita 4,000, ga Sahara a tsakani.

Duk dabarun da ake faɗa na gwada. Na fitar da shi daga ƙarƙashin rufin kwano, na nisanta shi da inbata, cajar waya, talabijin da ƙwan fitilar LED, domin duk suna zuba hayaniya a wannan zangon rediyon. Na juya fuskarsa arewa, tunda Jamus kusan saitin arewa take da mu, eriyar kuma ɗan sanda ne kwance a ciki wanda ke son tashar ta zo masa ta gefe. Na kwana da shi a waje daren da aka ɗauke wuta, lokacin da irin wannan sigina ta fi tafiya nesa. Bai kama ba. Dabarun nan na mutumin da ke Turai ne, mu matsalarmu nisa ce.

Ɗalibi, Gwagwalada:
Yaya Injiniya, ni fa na sa namu ya kama, amma da waya. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tashar. Suna fitar da siririn sauti na kilohaz 15.5, wanda ninkinsa biyar shi ne 77.5. Na ƙure ƙarar, na naɗe wayar abin sauraren kunne a bayan agogon, na cire batir na mayar. Bayan 'yan mintoci hannayen suka tashi da kansu. Amma a kula da abu ɗaya: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Jamus na gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni ne lokacinmu ke zama ɗaya. A duba manhajar kar ta ba shi lokacin can.

Ladan, Nyanya:
Wannan gargaɗin ya yi, ɗana, musamman ga masallaci, kar a kira sallah kafin lokaci. Namu wani bawan Allah ne ya kawo, mai lambobi ne, na Amurka. An rubuta WWVB, tasharsa tana Fort Collins a jihar Kolorado, kilohaz 60. Alamar hasumiya da ke fuskarsa, mai nuna yana neman sigina, ta yi ta ƙyaftawa kowane dare, batir kuma ba ya daɗewa. Da muka kashe masa neman sigina muka saita da hannu, sai muka samu sauƙi. Duk Juma'a nakan gwada lokacinsa da na waya.

Mai Gyaran Agogo, Kasuwar Wuse:
Haka ake yi, Malam. Har na hannu irin Casio masu rubutun Multiband 6, tashoshi shida suke ji: biyu a Japan, sai Amurka, Ingila, Jamus da Sin, babu ko ɗaya a Afirka. Wanda ke son mai saita kansa a nan ya nemi mai GPS ko mai ɗaukar lokaci ta intanet. Mai sayen na gwanjo kuma ya juya bayansa tun a gaban mai kaya, ya tabbata akwai maɓallin saitawa da hannu kafin ya biya.