Wane suna za mu sa wa mutumin gari da ake naɗawa cikin hukumar gwamnati?

1/ Jama'a, ina neman taimako kan kalmar da Turawa ke cewa "lay member". Shi ne mutumin da gwamnati ke naɗawa cikin wata hukuma alhali ba ma'aikacinta ba ne, ba kuma masanin fannin ba ne. An sa shi ne don kada masu aikin su zauna su kaɗai su yanke abin da zai shafi kowa. A labaran rediyonmu na Kano "mamba" kawai ake cewa a wuce, shi ya sa da yawa ba su ma san da kujerar ba.

2/ Kujerar kuwa tana nan a rubuce. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a hukumar da ke kula da ma'aikatan shari'a ta kowace jiha, bayan babban jojin jiha da kwamishinan shari'a da lauyoyi biyu da sauransu, dole a sa mutum biyu waɗanda ba lauyoyi ba, waɗanda gwamna ya gamsu da amanarsu. Wannan hukumar ce fa ke ɗaukar majistare da alƙalan ƙananan kotuna, ta hukunta su idan sun yi ba daidai ba. Ke nan wanda bai taɓa karanta lauya ba yana da bakin magana kan alƙalin da zai saurari ƙarar gadon gidanku. Dokar 2001 ta hukumar kula da aikin 'yan sanda ma ta ware kujeru ga mata, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, da 'yan kasuwa.

3/ Da na yi wannan tambayar, da yawanku sun ce "wakilin jama'a". Tana da daɗi a baki, amma ban gamsu ba. Wakili shi ne wanda aka wakilta, wanda wasu suka ce je ka a madadinmu. Wannan kuwa ba wanda ya zaɓe shi, gwamna ne ya naɗa shi. Ga kuma ruɗani da 'yan Majalisar Wakilai. A cikin birni ma kalmar ta riga ta zama sarauta: Wakilin Gabas, Wakilin Yamma, Wakilin Kudu, Wakilin Arewa.

4/ Malamin da ya kawo "wakilin talakawa", na ga taka, Allah Ya saka da alheri. Sai dai a Kano kalmar talaka tana ɗauke da nauyin tsohuwar jam'iyyar NEPU da gwagwarmayar Malam Aminu Kano, bai kamata mu araha da ita ba. Wanda aka naɗa yana iya zama attajirin Kantin Kwari ko tsohuwar shugabar makaranta. In muka kira shi talaka mun yi wa talakan ƙarya.

5/ "Masu ruwa da tsaki" ta yi faɗi, har ɗan kwangila yana ciki. "Ɗan gari" kuma tana ware mutanen Sabon Gari da duk wanda ake kira baƙo, alhali su ma jami'an kula da hanya na KAROTA na tsayar da su, su ma suna bin layi a asibitin gwamnati.

6/ Wadda zuciyata ta kwanta da ita ita ce ta Hajiyar da ta ce "idon jama'a". Hajiya, kin kawo magana. Mun saba cewa "ka zama idona a wurin", kowa ya san ma'anarta: ka je, ka gani, ka dawo ka faɗa mini gaskiya. Sunan yana faɗin aikin, yana kuma faɗin wanda ake yi dominsa. Ba ruwansa da namiji ko mace. Abin da ya fi damuna a lamarin nan shi ne yadda irin waɗannan kujeru ke komawa ladan wahalar siyasa, mutum ya je zama ya karɓi alawus ya koma gida. Idan aka kira shi idon jama'a, mai sayar da kayan miya a kasuwar Rimi tana da ikon tsayar da shi ta tambaye shi me ya gano a Hukumar Kula da Asibitoci.

7/ An yi ƙorafi biyu, kuma duka masu ƙarfi ne. Wani ya ce ido kallo kawai yake yi, alhali mutumin cikakken mamba ne mai ƙuri'a. Wani ya ce za a ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Na biyun "jama'a" ta warware shi, tunda an faɗi idon wane ne. Na farkon kuwa, a rubutun hukuma sai a cika shi: "mamba idon jama'a".

8/ Ga yadda za ta zauna a labari: "Gwamna ya naɗa mambobi biyu idanun jama'a a hukumar kula da ma'aikatan shari'a." Masu fassara a gidajen rediyo, ku gwada ta a bakinku ku gaya mana ko jam'in ya yi nauyi. Malaman sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, muna jiran gyaranku.